Shokin gaban tsohuwar Honda CG125 yana yoyo: a miƙar da bututun ko a sake shi?

Mai CG:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar manya da masana a kan shokin gaban wata Honda CG125 da ke hannuna, ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970, mai birkin ganga a gaba. Ta daɗe a jingine kafin ta zo hannuna, kuma inji ya tashi lafiya lau, amma ƙafar hagu ta shokin tana zubar da mai har yana gangarowa kusa da birki. An sa mata sabon sil, wato robar da ke hana man shoki fita, a wani gareji, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan yoyon ya dawo kamar ba a taɓa ta ba. Ban da wannan, idan na sassauta riƙo a kan miƙaƙƙen titi sai in ji tana ja zuwa hagu, kuma wanda ya sayar mini ya ce an taɓa faɗawa rami da ita. Makanikin ya ce sil ɗin ne jabu, in sayo wani. Shin in bi maganarsa, ko akwai abin da ya kamata a duba tukuna?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ƙara sayen sil sai ka duba bututun, domin abin da aka yi maka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Sil roba ce kawai mai siririn leɓe da wani ƙaramin sifirin a cikinsa da ke matse leɓen a jikin bututu, kuma duk aikinsa ya dogara ne a kan santsin ƙarfen da yake gogawa. Idan babur ya daɗe a ajiye, ruwa da laima suna samun ƴan ƙananan ƙofofi a cikin farin rufin nan na kurom, tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙasa, ta kumbura, ta ɗago gefen kurom ɗin ya zama mai kaifi. Duk lokacin da shokin ya nitse ya taso, wannan kaifin yana yankan leɓen sil kaɗan kaɗan, saboda haka ko sil ɗin kamfani ka sa, ba zai daɗe ba.

Ka ɗage robar da ke rufe bututun, ka goge shi da tsumma mai tsabta, sannan ka bi da farcenka a hankali daga bakin sil zuwa sama, iyakar inda sil yake kaiwa idan ka danne kan babur. Duk inda farcenka ya sarƙe, to a nan sil yake mutuwa. Tsatsar da ke can sama tsakanin maƙunsai biyu, na sama da na ƙasa, da ke riƙe ƙafafun shokin, bayan fitila, muni ne kawai idan ba ta ci ƙarfen da zurfi ba, ba ita ke sa yoyo ba. Sannan ka daina hawan babur ɗin yanzu, domin idan man ya shiga gangar birki ya jiƙa robar birkin, babu wankin da zai dawo da ita, sai dai a sake.

Injiniya:
Baba ya faɗi rabin maganar, ni kuma abin da ya fi damuna shi ne jan da babur yake yi zuwa gefe. Wannan alama ce ta ɗaya daga cikin abu uku: ko bututun ya lanƙwashe, ko maƙunshin ƙasa da ke riƙe ƙafafun biyu ya karkace, ko kuwa ƙafafun sun murɗe ne kawai a cikin maƙunsan ba tare da komai ya lalace ba. Na ukun shi ne mai sauƙi, kuma sassauta notuna a daidaita yana gyara shi. Amma tun da yoyon da jan duk a ɓangare ɗaya suke, na fi zargin bututun.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A zare bututun gaba ɗaya daga cikin gidansa, a wanke shi, a mirgina shi a kan farantin gilashi mai kauri. Bututun da ya lanƙwashe zai riƙa ɗingishi yana ɗagawa, kuma idan aka haska tocila daga baya za a ga haske yana ratsowa ta ƙarƙashinsa. Yawanci lanƙwasar tana daidai ƙasan maƙunshin ƙasa, domin a nan ne duk ƙarfin bugu yake tarewa. Wanda yake son ainihin awo sai ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe, su ɗora shi a kan matokarai biyu su juya shi a ƙarƙashin agogon awo. Littattafan gyara na Honda sun saba sa iyakar karkacewar bututun shoki a milimita 0.2, wato abin da ido ba ya gani ma ya isa a ce bututu ya wuce ƙa'ida.

Ɗan Maraɗi:
Ranka ya daɗe Injiniya, idan da milimita 0.2 za mu bi, da rabin baburan da ke yawo tsakanin Maraɗi da Jibiya an jingine su. Mu a nan miƙar da bututu aiki ne na yau da kullum, kuma babur ya koma ya ɗauki buhu biyu ya kama hanya. Ba ina cewa a sa guduma ba, amma mai aiki da hankali da injin matsi yana dawo da shi daidai. Kuma ku tuna cewa bututun da ya zo da wannan babur daga Japan ya fi yawancin sababbin da ke kasuwa yanzu kyawun ƙarfe da kaurin kurom. Ni dai na ga sababbin da suka fara tsatsa tun kafin damina ta fita. Saboda me za a jefar da mai kyau a ɗauko marar kyau?

Injiniya:
Malam, ban ce ba a miƙarwa ba. Iyakar da na ambata ita ce ma'aunin da za a duba aikin mai miƙarwar da shi bayan ya gama, ba hujjar jefar da bututu ba ce. Inda muka rabu da ku shi ne a kan wane bututu ne ya cancanci a miƙar. Idan lanƙwasar mai laushi ce, ta bi tsawon bututun a hankali, kuma kurom bai tsage ba, to ana ɗora shi a kan matokarai masu siffar jikinsa, a sa wani guntun alminiyam da aka ƙwaƙule daidai zagayensa a tsakanin bututun da bakin injin matsi, a danna kaɗan, a saki, a auna, a sake dannawa, har ya dawo. Dole ne a wuce miƙe da ɗan kaɗan domin ƙarfen yana komawa baya idan aka saki, kuma wannan shi ne wurin da gwaninta take.

Amma idan akwai ƙunci, wato wurin da ƙarfen ya tattare ya yi layi a bakin maƙunshi, ko kurom ya yi ƴan tsage-tsage a kwance, ko bututun ya daina zama zagayayye ya yi faɗi a wurin, to wannan ya gama aiki. Ƙarfen ya riga ya gaji a nan, miƙarwa za ta ƙara gajiyar da shi, kuma ranar da zai karye ba zai yi sallama ba, zai karye ne lokacin da aka taka birki da ƙarfi ko aka faɗa wani ramin. Haka kuma duk wanda ya ce zai gasa bututun da wutar walda kafin ya miƙar, a karɓi kaya a tafi, domin zafi yana canza taurin ƙarfen kuma yana ƙona kurom.

Baba Makanike:
Maganar wuta gaskiya ce, kuma ina ƙara da masu sa bututu a ƙarƙashin jak ɗin mota su tokare da ƙarfe tsirara. Zai miƙe a ido, amma jak ɗin zai bar loɓa a jikinsa, kuma idan loɓar ta faɗo inda sil yake bi, an koma gidan jiya.

Mai CG:
Allah ya saka da alheri, Baba da Injiniya. Na kwance ƙafafun biyu kamar yadda kuka ce. Na daman bai nuna komai ba a kan gilashi, kuma jikinsa sumul yake. Na hagun yana ɗagawa kaɗan a wajen da maƙunshin ƙasa yake kamawa, haske yana ratsawa, amma ban ga ƙunci ko tsagewa ba. Sai dai a wajen da sil yake bi akwai ƴan ramukan tsatsa masu kama farce, wasu a haɗe wuri ɗaya, faɗinsu bai kai kan ashana ba. Man da ya fito baƙi ƙirin ne mai wari, kuma na ƙafar hagun ɗan kaɗan ne ya rage. Na ji ana cewa ana cike irin waɗannan ramukan da gam, shin hakan yana yi?

Mai Kayan Gyara:
Kafin a amsa maganar gam, bari in sa baki a kan sayen sabo, domin sana'ata ce. CG125 ta fito ne a 1975, kuma ba a Japan kaɗai aka ƙera ta ba. An fara haɗa ta a Barazil tun 1976, ana kuma ci gaba da yin ta a Pakistan, sannan kamfanonin ƙasar Sin da yawa sun kwaikwayi ƙirarta. Amfanin wannan shi ne kayan gyara ba sa yankewa, illarsa kuma ita ce abin da aka rubuta wa CG125 a kwali ba lallai ne ya shiga taka ba. Kaurin bututun tsofaffin nan milimita 27 ne, amma tsawo yana bambanta, zaren noti na sama yana bambanta, kuma yadda aka yi bakin ƙasa na ciki ma yana bambanta. Kada ka aika yaro da suna kawai. Ka ɗauki tsohon bututun da murfinsa na sama ka je da su, a jera su, a gwada murfin a cikin sabon.

Haka sil. A jikinsa akwai lambobi uku, faɗin ciki da faɗin waje da tsayi, kuma su za ka bi, ba sunan babur ba. Idan lambobin sun goge, a auna mazaunin sil ɗin a cikin gidan shoki. Wani abin da mutane ba sa lura da shi shi ne cewa sil ɗin kamfani na asali da ya shekara talatin a kan kanta ba alheri ba ne, domin roba tana bushewa ko ba a yi aiki da ita ba. Ka matsa leɓen da yatsa, idan bai yi laushi ya dawo nan take ba, ka ajiye. Shawarata ita ce ka fara zagaya wajen masu tsofaffin kaya, kamar Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko za a dace da ƙafa ta asali mai lafiya, ka tafi da guntun gilashinka.

Ɗan Maraɗi:
Gam yana yi, kuma na ga ya yi. Ana kankare tsatsar da ke cikin ramin da tsinin allura har a ga farin ƙarfe, a rage kaifin bakin ramin da samfefa mai laushi, a wanke da abin da ke cire maiƙo har ya bushe ƙarau, a cika da Araldite irin mai daɗewa kafin ya kama, ba mai saurin nan ba. A bar shi ya kwana, a aske abin da ya yi tudu da sabuwar reza a kwance, sannan a goge da samfefa mai lamba 1000 ko 1200 da ɗan mai, ana zagaya bututun, ba ana bin tsawonsa ba, domin zanen da ya bi tsawo hanya ce da mai zai bi ya fita. Idan farce ya wuce bai ji komai ba, sil ma ba zai ji ba.

Injiniya:
Yadda Ɗan Maraɗi ya bayyana aikin daidai ne, ba ni da gyara a ciki, musamman maganar zagayawa da samfefa. Abin da zan ƙara shi ne a san matsayin wannan gyara. Ramuka biyu ko uku da ke warwatse, gam yana riƙe su na tsawon lokaci. Amma inda suka taru wuri ɗaya, kamar yadda mai tambaya ya ce, yawanci tsatsar ta riga ta bi ta ƙarƙashin kurom ta haɗe su, kuma gefen zai ci gaba da ɓamɓarewa a kewayen gam ɗin. Ga shi kuma bututun nan yana da ciwo biyu, lanƙwasa da tsatsa. Idan aka haɗa kuɗin mai miƙarwa da sil da mai da wahalar sake kwancewa idan gam ya saki, ina ganin neman wani bututun ya fi araha.

Gyara na haƙiƙa ga wanda ya dage sai na asalin shi ne a sake masa kurom mai tauri. Ana fara miƙar da shi, a gurje tsohon rufin har a wuce zurfin ramukan, a ɗora sabo da kauri, sannan a sake gurzawa a dawo da shi daidai kaurinsa na farko. Wannan ba irin kurom ɗin ado da ake yi wa salansa ko madgad ba ne, wanda siriri ne ƙwarai kuma ba ya cike rami. Masu gyaran sandunan injin ɗaga bodin tifa da na katafila su ne suka san inda ake yin irin wannan aiki. Ga babur mai wuyar kaya ya cancanci kuɗinsa, amma ga CG125 sai dai don ƙauna.

Baba Makanike:
Ku bar shi ya zaɓa tsakanin gam da kasuwa, aljihunsa ne. Ni abin da nake so in tabbatar shi ne kada ya kashe sabon sil da hannunsa wajen sawa, domin yawancin sil da ake zagi da jabu a wajen sawa aka raunata su.

Ɗana, tun da ka riga ka kwance, ka san cewa notin alanki, wato mai rami a ka, da ke ƙasan gidan shoki shi ke riƙe da sandar ciki mai ƙofofin da mai yake bi. Ga masu karatu da ba su kwance ba tukuna, a fara sassauta wannan noti tun babban sifirin shokin yana ciki yana danne da sandar, in ba haka ba sandar za ta riƙa juyawa tare da notin har a gaji. Murfin sama kuma a karya ƙarfinsa tun ƙafar tana ɗaure a jikin babur. Kada a taɓa matse jikin kurom a mamatsin teburi.

Idan ka cire zoben wayar da ke kan sil, ka ɗago tsohon da ƙarfe mai faɗin baki, ka sa guntun katako ko tsumma a bakin gidan domin alminiyam ne, yana saurin tauna. Idan ya ƙi, ka zuba wa wajen tafasasshen ruwa, alminiyam zai ɗan buɗe ya saki. Ka wanke komai da kananzir har sai ƙasan gidan ya daina fitar da wannan baƙin taɓon, ka busa ƙofofin sandar ciki, ka bar su su bushe. Kafin ka sa sil, ka zura bututun a cikin gidansa ka girgiza shi gefe da gefe. Da yawa daga cikin ƙananan baburan wancan zamani ba su da bushin da ake sakewa, wato zoben da ke tsakanin bututu da gidansa, ƙarfen yana gogar alminiyam ɗin ne kai tsaye, kuma bututun da ya daɗe yana aiki a lanƙwashe yana cinye gidan ta gefe ɗaya. Idan ka ji yana ƙwal-ƙwal sosai, gidan ma ya tafi, kuma babu sil da zai riƙe mai a haka.

Sabon sil, gefen da ke da rubutu shi ne sama, gefen da ake ganin ƙaramin sifirin shi ne ke kallon mai. Ka shafa wa leɓen man shokin. Idan za ka zura shi ta kan bututun, ka rufe bakin bututun da leda mai laushi domin kada kaifin bakin ya yanke shi. Ka kora shi da guntun bututun roba na famfo wanda ya hau gefen waje na sil ɗin daidai, kana bugawa a hankali yana sauka a miƙe, har ramin zoben waya ya bayyana ko'ina a zagaye. Sukudireba ba ta da aiki a nan ko kaɗan. Notin ƙasa kuma ka sa masa sabuwar washa ta jan ƙarfe, domin sau da yawa ana ganin mai a kan aksil a zargi sil, alhali ta nan yake ɗiga.

Mai CG:
Na gode ƙwarai, Baba. Na gwada girgizawar, gidan bai yi sako-sako ba. Zan fara neman ƙafa ta asali, idan ban samu ba in kai wannan a miƙar in gwada gam. Saura maganar mai, domin a garejin da na fara zuwa baƙin mai na ga sun zuba da ido, ba tare da awo ba.

Mai Kayan Gyara:
Zubawa da ido ita ce babbar illa, ba irin man ba. Tsofaffin littattafan Honda na shekarun 1970 da kansu sun rubuta man giyar mota mai canza kanta, wato ATF, ga shokin gaban babura da yawa, wasu kuma sabon man inji mai lamba 10W-30. Yau akwai man shoki na musamman, kuma mai lamba 10W ya dace da irin wannan babur. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, saboda ƙurar ƙarfen da ke cikinsa, da kuma man birki, wanda yake kumbura robar sil ya lalata ta. Adadin kuwa ka nemi na shekarar babur ɗinka a littafinsa, ka auna da babban sirinji, ƙafafun biyu daidai wa daida. Idan ya yi yawa, iskar da ta rage a sama tana matsuwa fiye da kima idan shoki ya nitse, ta tura mai ta bakin sil. Idan ya yi kaɗan, babur zai riƙa tsalle yana buga ƙasa.

Ɗan Maraɗi:
A ƙasarmu mai zafi da yashi ni na fi son mai ɗan kauri, 15W, musamman ga mai ɗaukar kaya, domin siririn mai idan ya yi zafi shoki yana zama kamar babu komai a ciki. Kuma kada ya mayar da tsohuwar robar rufi idan ta tsage. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗan maiƙon da ke jikin bututu, ta taru a bakin sil tana gurzar kurom. Robar nan mai ninki-ninki da wasu samari suke cirewa don gayu ita ce ke tsare shokin.

Injiniya:
A kan kaurin mai ba zan yi jayayya ba, ya fara da 10W, idan ya ji ya yi laushi ya ƙara. Kafin a mayar da sifirin, a jera na dama da na hagu a ga ko tsayinsu ɗaya, kuma a mayar da su yadda aka same su, gefen da ya fi matsewa yana kallon inda yake kallo da farko. Bayan an zuba mai a ɗaga bututun a sauke a hankali har kumfar iska ta daina fitowa.

Abu biyu suka rage da suka shafi jan da babur yake yi. Tun da gaban a kwance yake, ka zura bututu mai lafiya ta maƙunshin ƙasa ka ga ko ya nufi mazauninsa a maƙunshin sama ba tare da an tanƙwara shi ba, ka gwada haka a ɓangarorin biyu. Idan ya kauce, maƙunshin ƙasa ya karkace, kuma sabon bututu ba zai hana jan ba. Ka kuma juya wuyan babur hagu da dama a hankali, idan ka ji yana sarƙewa a tsakiya, bugun ramin ya loɓa mazaunin boris, sai a sake su a cika da giris. Ƙwayoyin boris ɗin a warwatse suke a irin wannan babur, saboda haka ka shimfiɗa tsumma a ƙasa ka ƙirga na sama da na ƙasa dabam kafin su gangare.

Wajen haɗawa, kada ka ɗaure komai tamau tun farko. Ka sa ƙafafun, ka ɗaure na sama, ka sa taya da aksil, ka bar notunan maƙunshin ƙasa da na madgad a sassauce, ka sauke babur daga kan tsayuwarsa, ka tokare tayar gaba da bango ka danna kan babur ƙasa sau da yawa domin ƙafafun su sami mazauninsu a jere. Sannan ka bi su daga sama zuwa ƙasa kana ɗaurewa, ka gwada birkin gaba a cikin gida kafin ka fita titi.